Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Auna Bayanin Kayan Aikin Wakilin AI

Yawancin wasiƙun wannan makon daga masu haɗa manhaja suka fito, kuma duk a kan abu guda suke. Akwai wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ake ba wa aiki ta je ta aiwatar da kanta ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji. Waɗannan ƙananan manhajoji su muke kira kayan aiki, kuma kowanne ana rubuta masa 'yan layukan bayani domin wakilin ya san amfaninsa. A kan waɗannan layuka tambayoyin suka tsaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na haɗa kayan aiki goma sha biyu, na jona su da wakili ta tsarin MCP. Na karanta bayanin kowanne ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ban ga inda ya gaza ba. Amma wakilin yau ya yi daidai, gobe ya yi shirme. Ta yaya zan gane ko laifin bayanin ne?
Daga wani mai haɗa manhaja

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Idonka ba zai iya yi maka wannan alƙalanci ba. Kai ka gina kayan aikin, saboda haka duk giɓin da ke cikin bayanin, kana karantawa ƙwaƙwalwarka na cike shi ba ka ma lura ba. Wakili ba shi da wannan gata. A tsarin MCP, wato ƙa'idar jona wakili da kayan aiki, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, ginshiƙan abin da ke isa ga wakili game da kowane kayan aiki uku ne: sunansa, bayaninsa, da fasalin guraben da za a cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato salon rubuta sunan kowane gurbi da irin abin da yake karɓa. Haka lamarin yake a tsarin kiran kayan aiki da kamfanin OpenAI ya ɓullo da shi a watan Yuni na 2023. Wakilin bai ga cikin manhajarka ba, bai kuma san me ke ranka ba lokacin da kake rubutu. Duk abin da ba ka rubuta ba, a wajensa babu shi.

To, sai an gwada akan san na ƙwarai. Fara da tara ayyuka 40 zuwa 60 irin waɗanda mutane za su ba wakilin da gaske. Idan kana da tsofaffin saƙonnin masu amfani da manhajar, daga nan za ka ɗebo, bayan ka goge sunaye da lambobin mutane. Ka bar su yadda aka rubuto su, da gajartawarsu da kurakuran rubutunsu. Kada ka zauna ka tsara buƙatun da kanka kana kallon bayanin, domin hannunka zai riƙa ɗauko kalmomin da ke ciki, sai wakilin ya ci jarrabawa saboda kamannin kalmomi kawai.

Ayyukan su kasance iri uku. Akwai wanda kira ɗaya ya wadatar. Akwai wanda sai an jera kira uku ko huɗu, sakamakon na farko ya zama abin cike gurbin na biyu. Akwai kuma wanda babu wani kayan aikinka da ya dace da shi, ko kuma mai buƙatar bai ba da isasshen bayani ba, inda daidai shi ne wakilin ya ce ba zai iya ba ko ya yi tambaya. Wannan na ukun shi aka fi mantawa, alhali a nan bayani marar iyaka ke tona kansa. Ka ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na ayyukan.

Kowane aiki ka rubuta masa yadda ya kamata abubuwa su kasance bayan an gama: wane layi ne zai canja a rumbun bayanai, wanne ne bai kamata a taɓa ba. Wannan ya fi ka ƙayyade jerin kiran da za a bi, domin sau da yawa hanyoyi biyu ko uku duk suna kaiwa gida. Gwajin a kan kwafin rumbun bayanai ake yin sa, kuma a mayar da kwafin yadda yake kafin kowane zagaye. Kowane aiki a maimaita shi sau biyar. Samfurin da kake amfani da shi, wato ƙirƙirarriyar basirar da ke zama ƙwaƙwalwar wakilin, da umarnin farko da ka ba shi, da sauran saituna, duk su tsaya cak. Bayanin kaɗai za ka riƙa canjawa, shi ma ɗaya bayan ɗaya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, sai an zo karatu. Ka buɗe rubutaccen tarihin kowane zagayen da ya faɗi, ka bi shi daga farko, ka nemo wurin da aka fara kaucewa. Ko dai bai kira komai ba alhali ya kamata, ko ya kira wanda ba shi ba, ko ya kira daidai ya cike gurbi ba daidai ba, ko kuma komai ya tafi lafiya amma ya kasa fahimtar abin da ya dawo masa. Na farko da na biyu yawanci laifin suna ne da jimlar farko ta bayani. Na uku laifin bayanin gurabe ne. Na huɗu ba na bayani ba ne sam, siffar amsar da kayan aikin ke mayarwa za ka gyara. Wanda bai rarrabe waɗannan ba zai kwana yana tufka da warwara a kan jimlar da ba ta da laifi.

Abu na ƙarshe: tun farko ka ɓoye kashi ɗaya cikin uku na ayyukan, kada ka leƙa su lokacin gyara. Sai ka gama sannan ka gwada a kansu. Idan maki ya hau a waɗanda kake gani amma bai motsa a ɓoyayyun ba, jarrabawar ka koya wa bayanin, ba aikin ba.

TAMBAYA: Ina da kayan aiki biyu na kalanda, nemo_taro da duba_taro. Bayanin na farko "Yana nemo taro", na biyu "Yana duba taro". Wakilin kullum yana rikita su, wani lokaci ma ya ƙirƙiro lambar taron da babu ita.
Daga wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta

AMSA: Malama, ko mutum aka miƙa wa waɗannan jimloli biyu canki-canka zai yi. Bayanin bai ƙara komai a kan sunan ba. Ƙirƙiro lambar kuwa dalilinsa a fili yake: duba_taro yana neman lamba, babu inda aka gaya wa wakilin daga ina lambar ke fitowa, shi kuma aikinsa cike gurbi, sai ya cike da abin da ya yi kama da lamba. Ga yadda za a iya sake rubuta na farko:

"Yana nemo taruka a kalanda idan ba a san lambar taron ba. Ana ba shi ranar farko da ranar ƙarshe, ko wata kalma daga taken taron. Yana dawo da taruka 20 mafi kusa, kowanne da lambarsa da takensa da lokacinsa kawai. Ba ya nuna mahalarta. Don ganin mahalarta, a kira duba_taro da lambar da aka samu a nan."

Na biyun kuma:

"Yana dawo da cikakken bayanin taro guda: mahalarta, wuri da ajanda. Yana buƙatar lambar taro, wadda ake samu daga nemo_taro kaɗai. Idan babu lambar a hannu, a fara kiran nemo_taro. Ba ya canja komai a kalanda."

Duba abin da ya shigo: yaushe ake kiransa, me yake karɓa, me yake mayarwa, me ba ya yi, da kuma sunan ɗan'uwansa da za a koma wa. Layin "ba ya yi" shi ne aka fi rowarsa, kuma a wurin raba kayan aiki biyu masu kama da juna shi ya fi aiki.

Don ki auna ko gyaran ya yi, zana jadawali. A gefe ki jera kayan aikin da ya kamata a kira, a sama ki jera wanda aka kira a zahiri, ki ƙirga. Duk akwatin da ya cika a wajen layin da suna ya haɗu da sunansa, nan ne wasu biyu ke cin iyakar juna. Idan kin gyara sau biyu ko uku akwatin bai ragu ba, ki duba ko biyun ma aiki ɗaya suke yi, ki haɗe su su zama guda.

Sai gurabe. Kwanan wata shi ne babban tarko, domin 03/04/2025 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Ki rubuta a bayanin gurbin cewa tsarin ISO 8601 ake so, ki ba da misali, 2025-04-03, ki kuma faɗi agogon wane yanki ake nufi. Inda zaɓin ya taƙaita, kamar matsayin taro da ba ya wuce iri uku, ki jera su da enum, wato jerin zaɓin da aka yarda da su kaɗai, a cikin JSON Schema maimakon ki bar gurbin a sake. Sunan gurbi ma ya faɗi ma'auninsa: tsawo_da_minti ya fi tsawo.

Saƙon kuskure shi ma bayani ne, sai dai yana zuwa ne a lokacin da aka fi buƙatarsa. Wakilin da aka mayar wa "Kuskure 400" zai iya maimaita kiran nan sau uku ba canji. Wanda aka ce wa "Ranar ba ta karɓu ba, a rubuta shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03" yawanci kira na gaba zai gyara. MCP ya tanadi alamar isError a cikin sakamako domin irin wannan saƙo ya isa ga wakilin. A gwajinki ki riƙa ƙirga kira nawa ake yi tsakanin kuskure da gyaruwa.

TAMBAYA: Dogon bayani ya fi ko gajere?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wanda aka fi fama da shi gajartawa ce, Malam. Jimla ɗaya ba ta cika isa ba, uku zuwa shida ita ce tazarar da yawancin kayan aiki ke buƙata. Amma tsawo na da nauyinsa, domin a tsarin da aka saba, bayanin duk kayan aikin ana tura shi tare da kowace buƙata. Kayan aiki 40, kowanne tokin 300 (tokin shi ne guntun kalma da samfuri ke ƙirga rubutu da shi), ka ga tokin 12,000 sun tafi kafin mai amfani ya ce uffan. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: cire jimla ɗaya, sake gwaji. Idan babu abin da ya canja, ba ta aikin komai, a bar ta a waje. Ka yi hattara da misali guda tilo kuma, domin wakili yakan manne masa ya riƙa kwaikwayonsa har a inda bai dace ba. Ko ka ba da biyu masu bambanci sosai, ko ka bar shi a gurbin da siffar rubutu ke da muhimmanci kawai.

TAMBAYA: Ina da ayyukan gwaji 50. Da tsohon bayani wakilin ya ci 39, da sabo ya ci 42. Shugabana na so in tabbatar masa sabon ya fi. In ce ya fi?
Daga wani injiniyan manhaja

AMSA: Kada ka ce tukuna, Injiniya. Daga kashi 78 zuwa 84 cikin 100 a ido ci gaba ne, amma ayyuka uku ne kacal. A lissafin ƙididdiga, idan ayyuka 50 ne kuma ana ci kusan kashi 80, tazarar rashin tabbas takan kai maki 11 sama ko ƙasa. Sai ka kai ayyuka 200 take saukowa wajen maki biyar da rabi. Ko ba ka taɓa bayanin ba, ka sake gudanar da gwajin yau, kana iya ganin 41 ko 37.

Abin da zai taimake ka ba sai ka nemo sababbin ayyuka 150 ba. Tunda ayyuka iri ɗaya ka ba bayanan biyu, kwatanta su aiki da aiki. Nawa ne suka tashi daga faɗuwa zuwa ci, nawa suka koma baya? Idan uku sun gyaru babu wanda ya lalace, kuma ukun duk a kan matsalar da ka nufa da gyaran suke, wannan alama ce mai kyau. Idan takwas sun gyaru biyar sun lalace, adadin ƙarshe ɗaya ne amma labarin daban, ka toshe wata ɓaraka ka buɗe wata. Waɗannan biyar ɗin su za ka fara karantawa.

Sannan akwai batun ɗorewa, wanda a ganinmu ya fi matsakaicin maki muhimmanci. Ma'aunin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 ya jawo hankali a kan wannan: maimakon a tambaya ko wakili ya ci aiki sau ɗaya, sai a tambaya ko ya ci shi a duk zagayen da aka yi. Aikin da ake ci kashi 90 cikin 100 na lokuta, damar a ci shi sau biyar a jere kusan kashi 59 ce, sau takwas kuwa kashi 43. Mai amfani da manhajarka kullum zai dawo, saboda haka wannan adadi na ci a jere shi yake ji a jikinsa. Bayani mai harshen damo a nan ake kama shi: aikin da aka ci sau uku aka faɗi sau biyu yana nuna akwai jimlar da ake karantawa ta fuska biyu. Ka kai wa shugabanka adadin ayyukan da aka ci biyar cikin biyar a kowane ɓangare, tare da yawan kira da yawan tokin da aka kashe.

Idan za ka canja samfuri, ko kamfanin da ya yi shi ya fitar da sabon zubi, gwajin gabaɗaya za a sake. Bayanin da aka cika masa tsawa da manyan baƙaƙe don tsohon samfuri ya ji, yana iya sa sabo ya riƙa kiran kayan aikin ko'ina.

TAMBAYA: Ba zan iya ba wata ƙirƙirarriyar basirar bayanan ta ba su maki ba, in huta? Ko in dogara da allon sakamako na Berkeley?
Daga wata mai kula da ingancin manhaja

AMSA: Hajiya, allon BFCL na Jami'ar California da ke Berkeley samfura yake aunawa wajen iya kiran kayan aiki, a kan kayan aikin da su masu allon suka tanada. Zai taimake ki wajen zaɓen samfuri, amma bai san bayananki ba. Abin koyi a cikinsa shi ne sun ware sashe na gwada ko samfuri zai ƙi kiran kayan aikin da bai dace ba.

Ba wa wani samfuri bayani ya karanta ya ba shi maki yana da amfani a matsayin tankaɗen farko. Zai nuna miki gurbin da ba a bayyana ba, ko inda ba a faɗi abin da ake mayarwa ba. Sai dai bayani na iya daɗin karatu ya kuma ɓatar da wakili, musamman idan abin da ya faɗa ba shi kayan aikin ke yi ba, kuma mai karatu daga waje ba shi da hanyar sanin haka. Duk inda manhaja za ta iya tabbatar da sakamako kai tsaye, kamar ko an soke taron ko ba a soke ba, ki bar wa manhaja. Alƙalin samfuri ki ajiye shi don abin da ba ya ƙirguwa, kamar ko tambayar da wakilin ya yi wa mai amfani ta dace. Kafin ki amince masa, ki yi wa zagaye 40 hukunci da hannunki, ki ga sau nawa kuka saɓa. Idan kwatanta amsoshi biyu yake yi, ki riƙa juya jerinsu, domin an san irin waɗannan alƙalai da karkata saboda wurin da amsa ta zo a jeri.

TAMBAYA: Kayan aikin da nake amfani da su wasu ne suka rubuta, ni saukewa kawai na yi. Me zan duba?
Daga wani mai karatu

AMSA: Ka karanta cikakken bayanin yadda yake isa ga wakili, ba taƙaitaccen da manhajar ke nuna maka a allo ba. MCP Inspector, wato manhajar leƙa kayan aikin MCP, zai fito maka da shi ɗungurungum. Dalili shi ne wakili yana ɗaukar abin da ke cikin bayani kamar umarni. A watan Afrilu na 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda za a iya cusa ɓoyayyen umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakilin ya karanto fayilolin sirri ya tura waje, mai kwamfutar bai sani ba. Duk bayanin da ke cewa a karanta wani fayil kafin a kira shi, ko kada a gaya wa mai amfani wani abu, ko yana tsara yadda za a yi da wani kayan aikin da ba nasa ba, ka cire shi nan take. Ka kuma adana kwafin bayanin ranar da ka amince da shi, manhajarka ta riƙa kwatantawa, domin mai shi na iya canja shi daga baya.

MCP na da alamomi irin su readOnlyHint da destructiveHint, masu nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓarna. Mai kayan ne ke liƙa su da kansa, kuma ƙa'idar MCP ɗin ma ta ce kada a dogara da su idan ba a yarda da tushensu ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne: duk kiran da zai goge, ko ya tura saƙo, ko ya biya kuɗi, a tsayar da shi sai mutum ya tabbatar, komai kyan makin da bayanin ya samu a gwaji.

TAMBAYA: Masu amfani da manhajata da Hausa suke rubutu. In rubuta bayanan da Hausa ko da Turanci?
Daga wani malamin makaranta mai koyon haɗa manhaja

AMSA: Malam, ka rubuta duka biyun ka gwada a kan ayyuka iri ɗaya, ayyukan kuma su kasance da Hausa tunda da ita za a yi magana da wakilin. Samfuran yanzu sun fi ganin Turanci a lokacin horo, kuma rubutun Hausa yakan ci tokin fiye da takwaransa na Turanci, saboda haka kada ka yi mamaki idan bayanin Turanci ya yi gaba. Akwai hanya ta uku da ta cancanci gwaji: bayanin da Turanci, amma a sa masa kalmomin Hausa da mutane ke amfani da su wajen neman wannan aiki, misali a nuna cewa "ɗage" canja lokacin taro ne, "soke" kuwa share shi ne gabaɗaya. Wakilin da ya rikita waɗannan biyu zai goge taron da aka ce ya matsar.

A cikin ayyukan gwajin ka tabbata akwai jibi da gata da shekaranjiya, akwai "Litinin ta sama" da "nan da mako biyu", ka duba ranar da wakilin ya cike a gurbi. Ka sa buƙatu masu baƙaƙen ƙ da ɗ da ɓ, da kuma irin su da aka rubuta da k da d da b, domin haka mutane da yawa ke bugawa a waya, ka ga ko binciken zai samo take ɗaya a duka biyun. Sunan kayan aikin kansa kuwa kada ka sa masa baƙi mai lanƙwasa. A tsarin OpenAI baƙaƙen Turanci da lambobi da ɗan layin ƙasa da na tsakiya kawai suna ke karɓa, kuma kada ya wuce baƙi 64, saboda haka dage_taro za ka rubuta, ma'anar kuma ka fayyace ta a jimlar farko ta bayanin.